Tsohuwar Wasiƙa a Adakar Gida: Yadda Za Ka Gane Shekarunta, Ka Karanta Ta, Ka Adana Ta

Idan aka buɗe adakar tsoho bayan rasuwarsa, ko aka kwance gafakar malami, akan tarar da wasiƙu cuɗe da takardun gona da rasit na haraji. Wasu da Larabci, wasu da ajami, wasu da boko a cikin ambulan mai kan sarki. Abin da ya fi faruwa da su biyu ne. Ko dai a tattara a ƙona don gudun kada sunan Allah ya wulaƙanta a ƙasa, ko kuma wani ɗa mai kishin gida ya kwashe su zuwa shagon kwamfuta a liƙe su da leda mai zafi. Niyya mai kyau ce ke kai mutum ga duka biyun, amma duka asara ce, domin labarin wasiƙa ba a kalmominta kaɗai yake ba. Takardar, tawadar, hatimin, yadda aka ninke ta, kowanne shaida ne, kuma da zarar an taɓa su da sunan gyara, shaidar ta tafi.

Saboda haka aikin farko shi ne kada ka yi gaggawar komai. Wanke hannunka da sabulu, ka busar da shi sarai, kada ka shafa mai. Shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur, ka kashe fanka, ka kawar da shayi da ruwa. Ka bar wasiƙun a jerin da ka same su. Wasiƙar da ba ta da kwanan wata sau da yawa maƙwabciyarta a ɗaurin ce ke nuna shekarunta, don mai ajiya yakan ɗaure na lokaci ɗaya wuri ɗaya. Kuma ko kusa kada ka raba wasiƙa da ambulan ɗinta.

Daga ina al'adar ta faro

Rubuta wasiƙa a wannan yanki ya girmi zuwan Turawa da ƙarnuka. Akwai wasiƙar da Mai na Barno, Usman ɗan Idris, ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ a wajajen 1391, yana kukan Larabawan da ke kama mutanensa suna sayarwa. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan yadda ake riƙon mulki. Bayan jihadi kuwa, wasiƙa ce ta zama igiyar da ta ɗaure daular Usmaniyya: muhawarar da aka yi ta rubuce tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin yaƙin tana nan cikin littafin Bello, Infaƙul Maisuri, kuma ofishin Waziri ne ke riƙe da yawancin takardun da ke kai-komo tsakanin Sakkwato da sarakunan tuta. A 1824 Bello ya ba Bature matafiyi Kilafatan wasiƙa ya kai wa Sarkin Ingila Joji na Huɗu. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, sun tarar da tarin wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda daga baya aka fassara aka buga a 1927.

Duk waɗannan da Larabci aka rubuta su, kuma manzo ne ke ɗauka a ƙafa ko a kan doki. Gidan waya, ambulan da kan sarki sun zo ne da mulkin Turawa. Wannan rabe-raben shi ne ma'aunin farko: wasiƙar manzo daban, wasiƙar gidan waya daban, kuma kowace da hanyar da ake bi a gane shekarunta.

Fara da takardar kanta

Ɗaga takardar da hannu biyu ta fuskanci taga, ko ka ɗora ta a kan gilashi ka haska fitilar waya daga ƙasa. Abu biyu kake nema. Na farko layuka: takardar da aka yi da hannu tana da siraran layuka a jere kusa da kusa, da wasu masu kauri da suka ratsa su, tsakaninsu kamar santimita biyu da rabi zuwa uku. Na biyu tambarin da ke cikin jikin takardar, wanda ba ya fitowa sai a haske. Wanda aka fi gani a ƙasar Hausa shi ne jinjirin wata uku a jere, daga babba zuwa ƙarami. Takarda ce ta arewacin Italiya da fatake ke kawowa ta Turabulus da Masar, kuma Bature Barth ya gan ta a kasuwar Kano a 1851. Wani lokaci za ka ga wata mai fuskar mutum a cikin garkuwa, ko haruffan AG, alamar masana'antar Andrea Galvani.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Suna ganin wata uku sai su ce takardar ta zamanin Shehu ce. Ba lallai ba. An ci gaba da yin irin wannan takarda ana sayarwa malamai har cikin ƙarni na 20, saboda ita suka amince da ita. Kuma takarda tana da tsada a da, mutum yakan ajiye ta shekaru kafin ya yi rubutu a kai. Tambari yana gaya maka lokacin da wasiƙa ba za ta girme shi ba, amma ba ya gaya maka ranar da aka rubuta ta.

Launi ma yana ruɗi. Tsohuwar takardar da aka yi da tsumman auduga da lilin tana iya shekara ɗari biyu tana nan da ƙarfinta, fara-fara, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Takardar inji da aka yi da niƙaƙƙen itace kuwa, irin ta littafin makaranta mai layi, tana da sinadari mai tsami a jikinta da ke cin ta daga ciki. Cikin shekara hamsin sai ta yi ja, gefenta ya riƙa marmashewa. Don haka wadda ta fi kama da tsohuwa sau da yawa ita ce ƙarama.

Sai tawada. Ta gargajiya iri biyu ce a taƙaice. Akwai ta gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, irin ta allo: baƙa ce wuluk, ba ta dusashewa, amma a saman takarda take zaune, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke ta. Akwai kuma wadda ake dafawa da 'ya'yan bagaruwa da ƙarfe ko kashin maƙera: wannan tana kama takarda, da tsufa takan koma ruwan ƙasa, kuma idan ƙarfen ya yi yawa sai ta ci takardar. Juya bayan wasiƙar ka duba. In ka ga inuwar rubutun ta fito ta baya da launin tsatsa, ko wasu haruffa sun huje, to tawadar na cin ta, kuma danshi ne ke ƙara mata gudu. Rubutun alƙalamin kara yana da kauri da siranta gwargwadon yadda aka fere bakinsa. Biro kuwa yana barin kwarmi a bayan takarda da yatsa ke ji, kuma bai yaɗu a kasuwa ba sai bayan 1945, saboda haka duk wasiƙar da aka rubuta da biro ba ta kai yaƙin Hitila ba, komai abin da aka gaya maka.

Wasiƙar manzo: hatimi da sunaye

Yawancin wasiƙun sarauta na kafin Turawa ba su da kwanan wata. Gajeru ne, a ninke siriri, domin manzo na ɗauke da sauran bayanin a bakinsa. Tsarinsu kusan ɗaya ne: bisimilla da salati, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa, sai "amma ba'adu" wadda daga ita ne maganar ke farawa, a rufe da "wassalam". In kana neman abin da ya sa aka rubuta, je kai tsaye bayan "amma ba'adu". In kana neman matsayin mutanen biyu, tsaya a gaisuwar, don tsawonta da kalmomin girmamawar cikinta su ke nuna wane ne sama.

Hanyar gane lokaci ita ce haɗa zamanin mai aikawa da na mai karɓa. Misali, wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman zuwa ga Sarkin Kano Alu. Abdurrahman ya yi sarauta daga 1891 zuwa 1902, Alu kuma daga 1894 zuwa 1903, ke nan wasiƙar tana tsakanin 1894 da 1902. In an ambaci mutum na uku, alƙali ko hakimi da aka san lokacin naɗinsa, sai tazarar ta ƙara matsewa. Amma a yi hattara da takwara. Muhammadu Bello na Sakkwato ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, Muhammadu Bello na Kano kuwa ya rasu a 1893. Aliyu Babba ma biyu ne, Sarkin Musulmi na 1842 zuwa 1859 da Sarkin Kano Alu. Karanta sunan uba a cikin hatimi kafin ka yanke hukunci.

Idan hatimin na ɗauke da shekara, wannan shekarar da aka sassaƙa hatimin ce, galibi shekarar hawa gado, kuma sarki na iya yin shekara ashirin yana buga shi.

In ka yi sa'a akwai shekarar Hijira, lissafin mayar da ita Miladiyya ba wuya: raba shekarar da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Ɗauki 1320. In ka raba da 33 ka sami 40, ka cire saura 1280, ka ƙara 622 ya zama 1902. Amsar na iya kaucewa da shekara ɗaya, tunda shekarar Hijira kan ratsa shekarun Miladiyya biyu. Wani malamin kuma da ramzi zai rubuta shekarar, wato da haruffa masu lamba. Malamanmu lissafin Magariba suke bi, inda shinun ke nufin 1000, ra 200, sinun 300. A lissafin Gabas kuwa shinun 300 ne. Wanda ya ɗauko jadawalin Gabas daga intanet zai sami shekarar da ba ta da kai balle gindi.

Karanta rubutun

Rubutun da za ka tarar irin na allo ne, ba irin na littattafan Masar ba. Fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama. Wanda ya saba da bugun zamani zai riƙa karanta ƙaf a matsayin fa. In ajami ne, ɗa mai hannu ita ce "ɗ", in an ɗora mata ɗigo uku ta zama "ts", sa mai ɗigo uku kan tsaya a madadin "c", babban ɗigo a ƙarƙashin harafi kuma wasalin "e" ne kamar yadda yake a ƙira'ar Warshu. Ajami bai taɓa samun ƙa'ida guda da kowa ke bi ba, don haka ka fara da kalmomin da ka tabbata da su, irin su gaisuwa da sunayen garuruwa, ka ga yadda wannan marubucin ke rubuta kowane sauti, sannan ka shiga wurare masu wuya. Mafi alheri ka zauna da alaramma ko tsohon da ya yi karatun zaure, ya karanta a bayyane kana rubutawa. Kunne na kama abin da ido ya kasa, musamman in da karin harshen Sakkwato ko Damagaram aka rubuta.

Lokacin kwafewa ka rubuta abin da ke kan takardar daidai, layi bisa layi, har da kurakuransa. Inda gara ta ci ka bar gurbi ka nuna an ci. Kada ka cike da abin da kake zato ba tare da ka nuna zato ba ne, don wanda zai zo bayanka zai ɗauka haka marubucin ya ce.

Wasiƙun boko na farko-farko su ma suna da alamominsu. Makarantar Ɗan Hausa, wato Bature Hanns Vischer, a Nasarawa ta Kano ta fara a 1909, kuma a shekarun farko za ka ga "ch" a inda muke sa "c". Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna ne a shekarun 1930, kafin nan ɗigo ake sawa a ƙasa ko waƙafi a gefe. Rashin lanƙwasa shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ce, tunda yawancin tafireta ba su da waɗannan haruffa. Abin sha'awa shi ne yadda tsarin wasiƙar Larabci ya bi mutane har cikin boko: "Takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci," sannan "bayan haka," a rufe da "haza wassalam". Kuma ka tuna hannun da ya rubuta ba lallai ne na mai maganar ba. Mutane da yawa malamin wasiƙa suke biya a bakin gidan waya ko kasuwa, ko su sa ɗan makaranta. In ka ga wasiƙun kakarka uku da hannu uku daban-daban, dalilin ke nan.

Ambulan da kan sarki

Sunan "kan sarki" kansa tarihi ne, domin hoton kan Sarkin Ingila ne a jiki. In an rubuta sunan Nijeriya ta Arewa a kai, tsakanin 1900 da 1913 aka buga shi. Daga 1914 sunan Nijeriya kaɗai ake sawa. Sarki mai gemu na bayan 1914 Joji na Biyar ne, wanda ya rasu a 1936. Marar gemu Joji na Shida ne, har zuwa 1952, sai Sarauniya Elizabeth daga 1953 zuwa samun mulkin kai a 1960. Farashi da sule da kwabo na Ingila yana nufin kafin Janairun 1973, lokacin da naira ta shigo. A Nijar, kan sarki mai sunan Jamhuriyar Nijar ya fara ne daga 1959, na gabaninsa na ɗauke da sunan yankin Afirka ta Yamma na Faransa. Wasiƙar 'yan uwa daga zangon Kumasi ko Ankara in tana da sunan Gwalkwas, wato Gana ta yau, kafin 1957 ce.

Amma tambarin da gidan waya ya buga a kan kan sarkin ya fi kan sarkin kansa daraja, don shi ke ɗauke da sunan gari da rana. A zamanin Turawa da haruffa biyu ake taƙaita wata: JU Yuni ne, JY Yuli, MR Maris, MY Mayu. Duba bayan ambulan ma, don akan buga tambarin garuruwan da wasiƙar ta ratsa, ka ga kwana nawa ta yi a hanya. Wannan ne ya sa yaron da ya ɓamɓare kan sarki don tarawa ya yi wa wasiƙar babbar illa.

In babu ambulan, cikin maganar akwai alamu. Kuɗin da aka ambata wuri ne, ko fam da sule da sisi da taro, ko naira, ko dala da jika irin na Nijar? An ce En'e ko ƙaramar hukuma? Adireshin ya ce Lardin Kano ko Jihar Kano, wadda aka ƙirƙira a 1967? Jihar Katsina 1987 ce, Jigawa da Kebbi da Yobe 1991, Zamfara 1996. Ambaton jirgin ƙasa a Kano na nufin bayan 1911.

Ajiya

Kafin komai ka ɗauki hoto. Ajiye takardar a shimfiɗe kusa da taga, ba cikin rana ba, ka kashe hasken kyamara, ka riƙe waya daidai saman takardar. Sa rula a gefe don girmanta ya fito. Ɗauki gaba da baya ko da bayan babu rubutu, da ambulan fuska biyu, da hoto ɗaya a haske don tambarin ciki. In da sikana za ka yi, 400 zuwa 600 na ma'aunin ɗigo (dpi), da launi, kuma kada ka bi da ita ta injin da ke zuƙar takarda. Ba kowace wasiƙa lamba, ka rubuta lambar da fensir a kan takardar da za ka naɗe ta a ciki, ba a jikinta ba. Ajiye hotunan a wuri biyu aƙalla.

Wasiƙar da ta bushe a ninke, musamman da hunturu, kada ka tilasta mata buɗewa, a kan ninkin za ta karye. Samo babbar roba mai murfi, ka shimfiɗa tawul mai ɗan danshi a ƙasa, ka ɗora kwando ko raga a sama yadda takardar ba za ta taɓa ruwa ba, ka rufe. Duba duk bayan minti talatin. Cikin awa ɗaya zuwa uku za ta yi laushi. Buɗe ta a hankali, ka sa ta tsakanin farar takarda mai shan ruwa, ka danne da littafi mai nauyi kwana biyu. Wadda tawadarta ta riga ta fara ci ko hujewa kada ka yi mata wannan, ka bar wa masana.

Cire allura da ƙusar sitefula da duk wani ƙarfe, don tsatsarsu na huda takarda. Roba mai ɗaure kuɗi tana narkewa ta manne. Salatif yana barin tabon da ba ya fita, gam da ƙullun fulawa kuma kiran kyankyaso ne. Inda ya yage ka bar shi a yage, ka tallafe shi da takarda a ƙasa. Liƙewa da leda mai zafi ta fi duka muni: zafin na gasa takardar, gam ɗin na shiga jikinta, kuma ba a iya warwarewa.

Kowace wasiƙa a shimfiɗe, cikin ninkin farar takarda marar tsami, sannan cikin kwali, sannan cikin akwatin ƙarfe marar tsatsa. Takardar jarida da ambulan mai ruwan ƙasa ba su dace ba, tsaminsu na ratsawa. Ɗora akwatin a kan benci ko bulo, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, kuma kada ya jingina da bango, don ta nan gara ke hawa. Nesa da kicin, nesa da banɗaki, ba kuma kusa da rufin kwano ba inda zafi ke taruwa. Danshin iska in ya wuce kashi 65 cikin ɗari, fumfuna na tsirowa, don haka a damina ka sa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi ko magani, ba tare da sun taɓa takardun ba. Buɗe akwatin ka duba sau biyu a shekara, tsakiyar damina da farkon hunturu.

In ka ga ƙwari masu rai ko gari-gari a ƙasan ɗaurin, kada ka fesa maganin sauro ko fiya-fiya, man cikinsu na ɓata tawada. Sa takardun a busassu cikin leda mai kauri, ka fitar da iska ka ɗaure tam, ka sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har mako biyu. Sai dai wannan na bukatar wutar da ba ta yankewa, domin narkewa da sake daskarewa na jawo raɓa. Bayan ka fitar, ka bar ledar a rufe kwana ɗaya cur kafin ka kwance. Wadda ta jiƙe kuwa a inuwa ake shanya ta, a shimfiɗe kan ƙyalle, ba a rana ba, ba da dutsen guga ba.

Wasiƙar da ke da hatimin sarauta, ko ta shafi shari'a, iyakar ƙasa, fatauci ko tafiyar aikin hajji ta ƙasa, ta cancanci masana su gan ta. Akwai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai. Ba dole ne ka rabu da taka ba, kana iya ba da hoto ka riƙe asalin. In za ka bar asalin a hannun wani, ko na kwana ɗaya ne, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da adadin takardu da ranar dawowa. Kuma kafin ka sa hoton kowace wasiƙa a Facebook, karanta ta har ƙarshe tare da manyan gida, don a cikin irin waɗannan takardu ake samun maganar bashi, saki da rabon gado na mutanen da 'ya'yansu ke raye.